Ɓarawon Sukari a Ɗaki Na Tara

A rana ta uku ne Hedimasta ya tabbatar ana yi masa sata. A farantin shayin ɗaki na tara akwai kofi, akwai cokali, akwai ganyen shayi, amma sukari ko ƙwaya. Ya leƙa ɗaki na goma da ya ga ƙofar a buɗe: 'yan ƙullin sukari huɗu a jere, kamar ɗalibai a layin safe.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da makaranta, kuma har yau matarsa ma Hedimasta take ce masa. Mutumin da ya taɓa gano ɓarawon alli ta hanyar duba farcen yara ɗari huɗu, ba mai shara ne zai raina masa hankali a ƙasar mutane ba.

Jinya ce ta kawo shi. Ciwon sukari ya sauko masa ƙafa, sai babban ɗansa, Injiniya, wanda ya shekara shida a ƙasar, ya aiko masa da tikiti. Ya sauka ya tarar wai ana gyaran gidan Injiniya, fenti ko'ina. Don haka aka sauke shi a wani masaukin matafiya mai araha a gefen babbar hanya. Ɗakuna ashirin ne a jere, kowace ƙofa na kallon wurin ajiye motoci, bangon kuwa in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu.

Kullum ƙarfe tara yake hawa bas zuwa asibiti, ƙarfe ɗaya ya dawo ya tarar an gyara ɗaki. Bai taɓa ganin mai sharar ba, aikinsa kawai yake gani. An ɗauke matashi ɗaya daga wajen kai an ajiye a wajen ƙafa. An naɗe 'yar dardumar bakin gado an tura ƙarƙashi. Hedimasta ya mayar da komai inda yake, washegari a sake. A rana ta biyar, rezar da yake yanke farcen ƙafa da ita ta yi ɓatan dabo.

Ƙarfe biyar Injiniya yake zuwa, cikin kwat da laktaye, hannunsa duk a tsattsage.

"Siminti ne, Baba," in ji shi.

"Ba hannunka na tambaya ba. Wane irin gida ka kawo ni? Ɓarawo suka ba makullin ɗakina."

"Baba, sukarin nan dama likita ya hana ka."

"Likita ya hana ni sha, bai hana ni mallaka ba. Haƙƙin ɗakina ne."

"Ka ƙyale shi, don Allah. Kwana nawa ya rage?"

"Ƙyaliya ce ta lalata zamaninku. Da ƙyale ka na yi, da yanzu kai ma kana can kana wanke masai kamar wannan lalataccen."

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba."

Washegari Hedimasta ya zaro takarda da biro. Abin da ba kowa ya sani ba, shi bai iya ƙorafi da baki ba. Ƙorafi a wurinsa yana da kwanan wata, da kanu, da layi ja a ƙarƙashin kanun, sannan dole a aika kwafi ga na sama. A bayan ƙofa kuwa ga adireshin kamfanin da ya mallaki masaukin an manna. Ya kai wa manaja ɗaya, ya jefa ɗaya a akwatin gidan waya da ke gaban asibiti.

Manajar wata doguwar mata ce mai tabarau, wadda murmushi bai saba da fuskarta ba. Ta karanta ta farko ta ajiye. Da ya kawo ta biyu, sai ta cire tabaran ta dube shi.

"Malam, dokar kamfani ce, ba tawa ba. Takarda uku a kan ma'aikaci ɗaya, an kore shi. Kuma a garin nan wanda ya rasa aiki, izinin zamansa ke bin baya. Ka yi magana da ɗanka tukuna."

"Ɗana injiniya ne, ba ruwansa da harkar tsintsiya."

Ta mayar da tabaranta ta ci gaba da aikinta.

Ya koma ɗaki ya tarar matashin nan a wajen ƙafa, an ma ƙara masa ɗan'uwa. Wannan kuma ai tsokana ce da gangan. Takarda ta uku shafi biyu ta ci, da sakin layi mai lamba. A ciki ya kira mai sharar ɓarawo, marar tarbiyya, wanda da gani bai samu uban kirki a gida ba. Ya karanta ta sau biyu, ya gyara waƙafi ɗaya, ya aika. Bai gaya wa Injiniya ba, don ya lura yaron zuciyarsa ta yi laushi da yawa.

Bayan kwana huɗu ya dawo daga asibiti ya tarar da gado yadda ya bar shi, kwandon shara a cike. Hedimasta ya yi murmushin da ya saba yi in an kori ɗalibi a gaban taro. Ya saɓa sandarsa ya nufi ofis don ya ji da kunnensa.

"Kamfani ya amsa," in ji manaja. "Yau da safe ya ajiye makullai."

"Madalla. Ya zama darasi ga na baya. Sai a turo wani ya gyara min ɗaki, kuma a gaya masa ina kallo."

"Babu wanda za a turo." Ta miƙo hannu. "Makullin za ka ba ni. Ɗaki na tara ba na haya ba ne, na dangin ma'aikata ne, alfarma muke yi musu. Tunda ka sa an kori ɗanka, sai ka kwashe kayanka kafin ƙarfe uku."