Yajin da Inna Ba Ta Yi Ba

Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki muna Agege, a Legas. Wata la'asar na tarar Baba ya sake dukan Inna, ta ƙulle kayanta cikin zane. Iya Bose maƙwabciyarmu ta leƙo. Ita in mijinta ya taɓa ta, matan kasuwa take tara masa.

"Maman Habu, ki yi ihu mana!"

"Mu ba ma ihu. Yaji muke yi, mu tafi gidan iyaye."

"Ina gidan?"

"Gumel. In na je ma, haƙuri za su ba ni su maido ni."

Sai Inna ta kwance ƙullin, ta ce in hura wuta, Baba ya kusa dawowa. Na hura. Har ta rasu ban taɓa yi mata ihun neman taimakon ba.