Abin da Bangon Ya Ɗauka

Aƙilu ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, ya kasa kunne, ya ja tsaki. Siririn bango ne na bulo mai inci huɗu, wanda ya raba falon yayansa Ɗanasabe da wani ɗan ɗakin shirgi. Ko bai ƙwanƙwasa ba ya san abin da zai ji, domin shi ya gina shi da hannunsa shekarun baya, bayan an gama rufin kwano har an tare a gidan. Rufin da ya tsaya tun bango bai zo ba, me zai nema a wurin bango?

Amma wai Ɗanasabe ne ke cewa bangon nan shi ke riƙe da gida. Ɗanasabe fa, wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, wanda ko kaskon siminti ɗaya ya ɗauka sai ya nemi wurin zama.

Kujeru ne suka tayar da rigimar. Amatullah, matar Ɗanasabe, ta yi kakar bana a gidansu na Malumfashi tana wankan jego, ta dawo da sabbin kujerun da babanta ya saya mata, falo kuwa ya yi musu kaɗan. Kafin ta tafi, mijin da bakinsa ya yi alkawarin za a fasa ɗakin shirgi a haɗe da falo. Tana dawowa ta tarar ya juye. Ko ƙusar kalanda ya hana a buga a jikin bangon. 'Yar ƙofar hawa silin ma an danne ta da ƙusoshi an shafe da fenti, wai saboda ɓeraye. Su kuwa ɓerayen ba a sanar da su ba, kullum suna sama suna shagali.

Da a cikin gida maganar ta tsaya, da Aƙilu ya ƙyale. Sai Ɗanasabe ya kwashe ta ya kai majalisar bakin masallaci.

"Aƙilu kuma me ya sani? Shi da gininsa bai wuce akurkin kaji ba. Ku bari ya taɓa bangon nan, ku ga gida a ƙasa."

Aka yi dariya. Ba a jima ba wani Alhaji a Funtua, da ya yi niyyar ba shi ginin shaguna, ya aiko a ce masa a ɗan dakata.

Wannan ta yi wa Aƙilu ciwo, domin bana cokalin nan kaɗai ya rage masa. Gonar gandun da mahaifinsu ya bar musu a Maska ta yi masarar da har maƙwabta ke zuwa kallo. Tare suka noma, tare suka casa. Aƙilu ne ya ɗinke bakin buhunan, da igiya ta ƙare ma ya warware zarensa na awon gini, ruwan ɗorawa, ya ƙarasa da shi. Ya je wani ɗan aiki Bakori, ya dawo ya iske yayan zaune dirshan a ƙofar sito, kwaɗo a karye, ɓarayi sun yi awon gaba da komai. Ɗanasabe ya yi kuka har da majina, jama'a suka yi ta zuwa jaje. Tun daga ranar gidan Aƙilu ke awo da tiya. Ga shi wanda suka yi asarar tare ya koma yana toshe masa hanyar abinci da surutun banza.

Ran da Ɗanasabe ya tafi ɗaurin aure Malumfashi, Amatullah ta aika a kira shi.

"Ƙaramin miji, tsakaninka da Allah, zai faɗi ko ba zai faɗi ba?"

"In ko tsinke ya faɗo daga rufin nan, na bar gini har abada."

Duk da haka ya yi abin da magini ke yi. Ya zagaya waje ya ga katakon rufi a kan bangayen gefe suke zaune. Ya kankare gindin bangon ya ga daɓen falo ya wuce ta ƙarƙashinsa. Ya ga wata sabuwar tsaga a can sama, da ɗan farin gari a layin ƙasa, ya ce aikin gara ne. Ya dubi ƙofar silin, ya kau da kai. Ya hau sama don duba bangon da shi ya gina? Ai ya ɗauki maganar Ɗanasabe da muhimmanci kenan.

Ya sa Amatullah ta fita tsakar gida da jaririyarta. Sannan ya taka har majalisa ya kira biyu daga cikin masu dariyar nan, ya ce su zo su ga aikin mai akurki.

Bulon sama ya ƙi fita, kamar an zauna a kansa. Aƙilu ya fusata, ya ja da baya, ya maka guduma a tsakiyar bangon. Ya ƙara. A bugu na gaba wani katako ya yi ƙara a sama, silin ya yi ciki, da ƙyar ya yi tsalle ya kai bakin ƙofa kafin komai ya rufto.

Ya tsaya cikin ƙura. Shi ke nan, sunansa ya mutu a gaban shaidun da shi ya gayyato, kuma wai Ɗanasabe ne mai gaskiya. Da ƙura ta fara lafawa ya hango wasu kauraran katakai da bai san da su ba, an gitta su daga bangon gefe zuwa kan nasa. Sai ya ji wani shuu, kamar saukar ruwa a kan kwano.

Lallai bangon na ɗauke da kaya. Masara ce ke kwarara har idon sawunsa, kuma bakin wasu buhunan ɗinke yake da zaren awon gini ruwan ɗorawa.