Inda Allura Ta Shiga

A makarantar koyon likitanci, malamin ya ɗago wata farar jijiya mai kaurin yatsa daga ɗuwawun gawar da suke nazari a kanta.

"Idan allura ta soki wannan, ƙafa ta tafi ke nan," in ji shi.

Ɗalibar ta dubi ƙafarta ta hagu, wadda take ja tun tana ƙarama. Ta tuna mai kemis ɗin unguwarsu a Babura da allurar zazzaɓin da ya yi mata. Shi ya rantse wa babanta cewa iska ce, wai uwar ce ta bar yarinya a waje da magariba. A kan maganar nan aka saki mahaifiyarta.

Da ta zo hutu ta sami mai kemis ɗin kwance a shagonsa, zazzaɓi na kaɗa shi, babanta na gefe yana yi masa sannu.

Mai kemis ɗin ya ce, "Likita, Allah ya kawo ki. Taimaka ki yi mini allurar nan."

Ta zuƙi maganin, ta lalubo wurin jijiyar, ta ɗora tsinin a fatarsa.

Ya daskare. "A'a, 'yar nan, matsa sama. Nan akwai jijiya."

"Ashe ka sani. To gaya wa Baba abin da ya sami ƙafata."

Ba ta ɗaga hannunta ba sai da ya faɗi komai. Babanta ya dafe kai, ya kasa dubanta.

Ta ajiye allurar ba ta yi masa ba, ta nufi tashar motar Roni, garin mahaifiyarta.