Jelar Igiya

"Igiya a hannunka," in ji Souley.

"A hannuna," Nasser ya amsa.

Haka suka saba tun a jirgin sama. Matuƙi ba ya sakin sitiyari sai ya ji abokinsa ya furta da baki cewa ya karɓa. Da suka fara hawan dutse duk ran Asabar, sai suka taho da al'adar gindin dutse. Souley ya ɗan leƙa bayan kafaɗar Nasser, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora ƙafa ya fara hawa.

Aikin mai riƙo ba wuya. Igiyar ta tashi daga ƙugun mai hawa, ta bi ta zoben da ke can sama, ta sauko ta ratsa wani ƙarfe a ƙugun Nasser, jelarta ta zube a bayansa. Muddin hannun dama na damƙe da jelar nan, ko giwa ce ta zame ba za ta taɓa ƙasa ba. In aka saki kuwa, sai dai a kira motar asibiti.

Yau Nasser saki ya zo yi.

Shekaru ya yi yana jiran fasinja da tasi a filin jirgin sama na JFK, yana cin burodi da shayi a cikin mota, kafin ya samu lasisin tuƙin ƙaramin jirgi. Shi da Souley, ɗan garinsu Damagaram, suka haɗa kai suka sayi wani tsohon jirgi mai kujera huɗu. A masallacin unguwarsu ta Soundview har “Kyaftin” ake kiransa, shi kuma, Allah ya sani, bai taɓa cewa a daina ba.

Sai bara, suna sama da kogin Hudson, duhu ya rufe masa ido. Bai daɗe ba. Da ya farfaɗo ya tarar Souley ya karɓi jirgin, Firdaoussi 'yar Nasser kuma tana kujerar baya ta jingina da taga, ido a rufe. Suna sauka ya kama hannun Souley ya ce maganar nan ta mutu a nan. Souley ya rantse.

Ba a rufa wata ba hukumar jiragen sama ta kira shi gaban likita. Wani ya buga musu waya. Lasisi ya tafi.

Wa ya sani in ba Souley ba? Wa ya ci riba in ba Souley ba? Yanzu shi kaɗai ke tashi da jirgin, har yana turo hoton gajimare a waya, wai don a rage wa ɗan'uwa kewa. Nasser ya koma layin JFK, jirage na wucewa ta saman kansa yini guda. Ya tsani mutumin nan tsanar da ke hana shi jin daɗin abinci, amma bai taɓa nuna masa ko a fuska ba. Ya ci gaba da gaishe shi da murmushi, ya ci gaba da zuwa dutse.

Abu ɗaya ke ba shi haushi a tafiyar, matarsa Zalika. Macen da ko tsanin gyara labule ba ta hawa, tun bara ta ce ita ma sha'awar dutse take. Ba ta taɓa hawa ba. Sai dai ta zo da kular shinkafa, ta sa safar hannu ta fata wai sanyi take ji, ta tsaya a bayansa kamar an dasa ta. Firdaoussi kuwa ta daina zuwa ko'ina da shi, in ya tambaya ta ce masa da Turanci tana da aikin makaranta. Mata da rigima, in ji Nasser.

Souley ya kusa ƙullutun da kullum yake zamewa a kansa. Tsayin wurin bai fi bene biyu ba. Nasser ya auna shi tuntuni, ba zai kashe mutum ba, amma ƙafar da ta sauka daga nan ba za ta sake taka fedar jirgi ba. Abin da yake so ke nan, Souley ya zo ya zauna kusa da shi a ƙasa, su riƙa ɗaga kai tare. In an tambaya, ai kowa ya san Kyaftin na da ciwon suma. Shaidar ma Souley ne ya nema masa ita.

Takalmin Souley ya karci dutse. Ya laluba da hannu, bai samu makama ba.

"Riƙe, Nasser!"

Nasser ya buɗe yatsunsa.

Igiyar ta yi gudu kamar kamu ɗaya, ta tsaya cak. Souley ya yi lilo a sama, ya bugi dutse da kafaɗa, sai ga shi yana dariya.

"Bon! Hannunka da albarka, ɗan'uwa!"

Nasser ya dubi hannun nasa. Babu komai a ciki. Ya juya a hankali.

Zalika ta kafa dunduniya a ƙasa, ta naɗe jelar igiyar a safar fatar nan, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Babu tsoro a fuskarta. Kallonsa take irin kallon da shi ya shekara yana ɓoye wa Souley.

"Suma nake jira kullum," ta ce, murya ƙasa ƙasa don kada na sama ya ji. "Yau idonka biyu, na gani."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Firdaoussi ba barci take ba ran nan, Malam. Ka tashi da 'yata kana sane da ciwonka, ka dawo ka ci tuwona ba ka ce mini komai ba. Ni na buga musu waya."