Abin da Allura Ta Maido

Shekarar da aka fito da sabuwar allurar garmaho, mai maido duk maganar da aka taɓa yi a ɗaki lokacin da faifai ke juyawa, masu tara faifan garmaho a Jos suka yi ta rububinta. Malam Barau, mai faifan kiɗan Turawa na jaz da bulus fiye da dubu, ya ƙi saye. 'Yarsa Safara'u ce ta kawo masa wata ranar Lahadi da hantsi.

"Baba, sa wanda kake yawan sawa sanda Inna ke da rai. Ko tarinta ne in ji."

Ya goge faifan a hankali, ya ɗora. Jita ta fara kuka. Can ƙarƙashinta sai ga muryar marigayiya: "Malam, ƙirjin nan ya sake riƙe ni. Ko za ka kai ni asibiti?"

Sai tasa muryar: "Haba Asabe, bari waƙar ta ƙare mana."

Malam Barau ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu zai ɗage allurar. Safara'u ta riƙe shi.

"Bar ta, Baba. So nake in ji minti nawa ta jira."