Kwalbar Man Malama

Ina aji ɗaya a sakandare a Kankiya aka ce an kawo mana malamar lissafi Ba'indiya. Na sa rai zan ga irin ta fim, fara sol. Sai ga mace baƙa, ta fi ni duhu.

Wata la'asar na tarar da ita ƙarƙashin darbejiya tana buɗe saƙo daga gida. Kwalbar man shafawa ce, mai ƙamshin fure. Bakina ya suɓuce.

"Malama, wai da gaske ke Ba'indiya ce? Ai su farare ne."

Ba ta yi fushi ba. Ta jujjuya kwalbar, ta ce da Hausarta ta koyo, "Uwata ke aikowa duk shekara, in yi fari in samu miji. 'Yata, Bature ya tafi, amma ya bar mana madubinsa."

Jiya na ga irin kwalbar a akwatin 'yata Hafsatu. Na daɗe riƙe da ita. Me zan ce mata, ni da duk littafin soyayyar da na tara jarumar fara ce? Na mayar, na rufe akwatin.