Inuwar Tsaya-Haka

Tun da aka tsayar da ranar bikin, Tsaya-Haka yake ta goge gilashin kyamararsa, safe da yamma, kamar wani ya ce masa ƙura ke haihuwa a ciki. Sunan nan daga bakinsa ya samo shi. Ba ya danna maɓalli sai ya ɗaga yatsa ya ce "tsaya haka", har mutanen layin suka manta sunansa na gaskiya.

Babu wanda ya ce masa shi zai ɗauki hotunan bikin, shi ma bai tambaya ba. To in ba shi ba, wa? Tun amaryar tana zanen goyo yake ɗaukar ta. Ya san tana ƙifta ido da zarar fitila ta haska, ya san gefen hagu ya fi yi mata kyau, ya san ba ta dariyar gaske sai an yi kamar an fasa ɗauka.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: hannunsa na dama. Rawa ya soma yi, kaɗan-kaɗan, sai ka zuba ido za ka gani. Bikin da ya yi na ƙarshe, rabin hotunan dishi-dishi suka fito, ya ɗora wa fitilun zauren laifi. Tun daga nan hannun ya koma zaman aljihu, shayi ma da hagu yake sha.

Telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ne ya fara kwance masa zani. Ya leƙo da abin awo rataye a wuya, ya bi kafaɗun tsohon da kallo, sannan ya ce ai ya ga amarya tana hawa benen masu hoton zamani, waɗanda ke tashin kyamara sama kamar tsuntsu. Tsaya-Haka ya ce ƙila ƙawarta ta raka. Amma ranar bai iya cin abincin rana ba.

Da yamma sai ga ta. Ta ajiye wata baƙar leda a kan benci, ta ja kujera, ta miƙo masa wayarta.

"Mutum uku na gani," in ji ta. "Duba min, wanne ya fi iya aiki?"

Ya karɓa da hagu. Wato ta gani. Wani ya nuna mata hotunan wancan bikin, ko kuma ita ce ta lura da kofin shayi.

Ya shiga turawa da yatsa yana neman aibu, kuma ya samu. Na farko ya wanke fuskokin mutane har amarya ba ta kama da danginta. Na biyu ya sare wa tsofaffi ƙafafu. Na ukun kuwa, duk yadda ya ƙura ido bai ga abin kushewa ba. Mai hoton ya san haske, ya san jira. Tsaya-Haka mutum ne mai taurin kai, amma bai taɓa yi wa hoto ƙarya ba.

"Na ukun ya iya," ya faɗa da ƙyar.

"To shi zan ɗauka."

Ya miƙe tsaye, kujera ta yi ƙara. Ya kunna manyan fitilu, ya saki labulen baya, ya nuna mata wurin zama. Ba ta yi musu ba, ta zauna.

Ya fito da hannun daga aljihu. Kyamarar ta yi masa nauyin da ba ta taɓa yi ba. Cikin gilashi fuskarta na kaɗawa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, zufa na gangarowa ta bayan kunnensa. Ya yi kamar ya fasa. Ta saki murmushi.

"Tsaya haka."

Hoton ya fito tar, har gashin idonta ana iya ƙirgawa. Ya juya mata shi, hannun na karkarwa a fili, bai ƙara ɓoyewa ba.

"Kin gani? Ban mutu ba tukuna."

"Na san da hannun tuntuni," ta ce a hankali. "Ba shi ne dalili ba."

Wannan ta fi ta farko zafi. Da hannun ne, da ya san abin da zai zarga. Ya kashe fitilun, ya soma naɗe igiyar kyamara, idonsa ya cika da ƙwalla, abin da bai taɓa bari ta gani ba.

Ta riƙo hannun rigarsa ta ja shi gaban bangon da ya jera hotunan da ya fi ji da su. Fiye da rabi nata ne. Ga ta a bayan mahaifiyarta. Ga ta ranar fara makaranta, da jaka ta fi ta girma. Ga ta da ƙannenta an jera kamar matakala. Ga ta a gefen gadon asibiti, hoton ƙarshe da aka yi wa uwar.

"Nuna min inda kake," in ji ta.

Ya bi bangon da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. A hoton makarantar kaɗai ya samu wani abu: doguwar inuwar mutum a ƙasa, yatsa ɗaya a sama.

Ta ɗauko ledar nan ta zazzage ta a hannunsa, sai ga sababbin kaya daidai kafaɗunsa, ɗinkin telan maƙwabci.

"Duk rayuwata ba ni da hoto ko ɗaya da ubana," ta ce. "Ranar nan, Baba, kai ne za ka tsaya haka."